Daga Kwana Uku Zuwa Sa'a Guda

Da yawa daga cikinku kun taɓa zaman jinya a asibiti. Kun san irin daren nan da mai ciwo ya ke kwance jiki zafi rau, numfashi sama sama, ba ya gane mai shiga balle mai fita. Likita ya zo ya ɗebi jini ya zuba a kwalba, ya sa a yi allura, sa'an nan ya ce sai jibi ko gata za a san irin ƙwayar da ta kama shi. Mai jinya ya kan ce a ransa, “Jibi? Wa ya san ko zai kai gobe?” Tambayar tana kan hanya. Ita ce ta dami likitocin duniya fiye da shekara 100, kuma labarin yadda aka yi ta rage wannan jira shi za mu ba ku a nan.

Ciwon da mu ke magana a kansa shi ne wanda ƙwayoyin cuta su kan tashi daga inda suka fara, ko miki, ko huhu, ko mafitsara, ko mahaifar mai jego, su shiga jini. Jiki ya tashi yaƙi da su, yaƙin ya yi yawa har ya ɓata gidan da ya ke tsaro. Ƙoda ta daina fitar da fitsari, ƙarfin jini ya faɗi, hankali ya gushe. Likitoci suna ce da shi sefsis. Masu ƙidaya sun lissafta a shekarar 2017 ya kama mutum wajen miliyan 49, ya kashe miliyan 11, watau ɗaya cikin biyar na dukan waɗanda suka mutu a duniya a shekaran nan. Ƙwayoyin da ke kawo shi iri iri ne, kuma maganin da ke kashe wannan ba lalle ya taɓa waccan ba. Saboda haka likita ya ke so ya san sunan abokin gāba tun mai ciwo yana da rai.

Da Fari Aka Gan Su

A garin Delft na ƙasar Holan aka yi wani mai sayad da tufafi, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Ya iya goge gilashi ƙwarai, har ya yi wa kansa madubi mai ƙara girman abu. A shekarar 1676 ya rubuta wa masanan Landan ya ce ya ga waɗansu 'yan halittu suna yawo cikin ruwan sama da ruwan da ya jiƙa masoro. Mutane suka yi mamaki, amma ba wanda ya haɗa su da ciwo. Shekara 200 ta wuce a haka.

A shekarar 1879 Louis Pasteur na Faransa ya duba jinin matan da zazzaɓin jego ya kama. Ya sa jinin a cikin romo, ya ga ƙwayoyi sun yaɗu, suna jere kamar dutsen wuya a zare. Ya tashi gaban likitocin birnin Faris ya zana musu siffarsu a allo. Tun daga nan aka fara gane cewa ana iya nemo mai kisan a cikin jinin mai ciwo.

Amma romo ruwa ne, ƙwayoyi kuwa su kan gauraye a cikinsa kamar gero da dawa a buhu ɗaya. A Jamus, Robert Koch ya nemi wani abu daskararre da za a shuka su a kai, kowace ta tsiro a gurbinta. Abin da ya fara amfani da shi ya kan narke da zafi. Mace ce ta warware matsalar. Fanny Hesse, matar wani likita mai aiki tare da Koch, ta saba daskarar da abincin zaƙi da wani abu da a ke samu daga ciyawar teku, ana ce da shi aga. Wajen maƙwabta waɗanda suka zauna a tsibirin Jawa ta koya. Ta ce wa mijinta ya gwada, aka gwada a 1881, ya tsaya da ƙarfinsa a zafin jikin mutum. Koch ya ambaci abin a rubuce a 1882, bai ambaci sunanta ba. A 1887 kuma wani mataimakinsa, Julius Petri, ya fito da ɗan faranti mai murfi wanda har yau a ke shuka a ciki.

To, a nan jiran ya samo asali. Wannan aiki noma ne, manomi kuwa ba ya shuka da safe ya girbe da azahar. A jinin babban mutum mai sefsis, sau da yawa ƙwayoyin da ke cikin cokali guda ba su wuce a ƙidaya su da yatsu ba, madubi ba ya samunsu. Dole a sa jinin a kwalbar romo, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar jikin mutum, su yi ta rabuwa biyu biyu. Mai saurin cikinsu ta kan rabu cikin minti 20. Duk da haka sai an kwana kafin su yi yawan da za a gani.

Rinin Gram

Gwajin gaggawa na fari ya fito a Balin a shekarar 1884. Wani saurayin likita mutumin Danmak, Hans Christian Gram, yana duba huhun waɗanda ciwon haƙarƙari ya kashe. Ya zuba wa ƙwayoyin rini shunayya, ya bi da aidin, ya wanke da barasar asibiti. Sai ya ga waɗansu sun riƙe rinin gam, waɗansu kuwa sun sake shi. Daga baya aka saba ƙara jan rini domin masu sakin su fito ja. Bambancin daga bangon jikinsu ya ke, na waɗansu mai kauri ne, na waɗansu siriri ne da wata riga a bisansa.

Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Ba ya faɗin sunan ƙwaya, dangi kaɗai ya ke nunawa, kamar yadda tsagar fuska ta kan nuna asalin baƙo tun ba a ji sunansa ba. Amma mai aikin da ya ƙware, in ya ga shunayya a dunƙule, ko jajaye biyu biyu kamar ƙwayar wake cikin ruwan ƙashin baya, ya riga ya ba likita rabin amsa. Shekara 140 ke nan, ba a yar da wannan rini ba ko a asibitocin da suka fi kowane kayan aiki.

Sa'ad da Magani Ya Samu

A zamanin su Koch sanin sunan ƙwaya bai cika ceton kowa ba, gama maganin kashe ta babu. Abin ya sāke a 1935 da fitowar magungunan salfa a Jamus, sa'an nan penisilin, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a 1928. A ran 12 ga Fabrairu 1941, a garin Okasfod, aka fara yi wa wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander allurarsa. Ƙwayoyi sun riga sun ci fuskarsa har ya rasa ido ɗaya. Kafin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci. Maganin kaɗan ne ƙwarai, har ana tace shi daga fitsarinsa a sāke yi masa. Bayan kwana biyar ya ƙare, ciwo ya komo, ya mutu ran 15 ga Maris.

Da magunguna suka yawaita sai wata tambaya ta taso: wanne za a ba wa? Ƙwayoyi kuma suka fara taurin kai, abin da ya kashe su bara bana ba ya jin su. A 1966 waɗansu likitoci biyu na birnin Siyatil a Amurka, William Kirby da Alfred Bauer, suka daidaita hanyar gwadawa. A shafa ƙwayar a faranti, a ɗora 'yan takardu masu magani iri iri, a jira sa'a 16 zuwa 18. Inda magani ya ke aiki za a ga fili kewaye da takardar, kamar inda aka yi shara a bakin rumbu. Inda ba ya aiki, ƙwaya ta tsiro har gindinta.

Ku lissafta da kanku. Kwana guda a kwalba, kwana guda a faranti domin a ware ta a san sunanta, kwana guda kuma a gwada magunguna. Kwana ukun da likita ya faɗa muku ke nan. Cikin waɗannan kwanaki ba ya zama hannu rabbana. Ya kan ba da magani mai faɗi, wanda ke kama iri da yawa, bisa ga abin da ya fi zato. In zatonsa ya yi daidai, madalla. In ya kuskure, mai ciwo ya yi kwana uku yana karɓar allurar da ba ta taɓa cutarsa.

Tsadar Sa'a Guda

An daɗe ana jin cewa jinkiri yana kisa, amma a 2006 aka sa masa lamba. Likita Anand Kumar na garin Winifeg a Kanada, shi da abokan aikinsa, suka bi takardun majinyata fiye da 2,000 waɗanda sefsis ya kai su ga faɗuwar ƙarfin jini. Waɗanda suka sami maganin da ya dace cikin sa'ar fari, wajen 80 cikin 100 sun rayu. Kowace sa'a da aka ƙara cikin sa'a shida na bayanta, masu rayuwa sun ragu da wajen 7 ko 8 cikin 100. Binciken da aka yi daga baya ya sami lambar da ba ta kai wannan ba, amma duka hanya ɗaya suka nuna. Ga wanda ciwo ya kai shi nan, da sa'a a ke ƙidaya, ba da kwana ba.

Masu ƙira ba su zauna ba. Tun farkon shekarun 1970 aka fito da inji mai suna BACTEC, wanda ke sansano iskar da ƙwayoyi su ke fitarwa cikin kwalba tun ido bai ga romon ya gurɓace ba. Wajen 1990 aka sami injunan da ke duba kowace kwalba duk minti 10, dare da rana, su yi ƙara da zarar wani abu ya tsiro. Dā sai ma'aikaci ya zo da safe ya ɗaga kwalba ya duba. Yanzu da tsakar dare a kan iya cire ta, a yi rinin Gram, a gaya wa likita.

Sauran kwana biyun kuwa, dabaru biyu suka rage su. Ta fari ita ce wadda Kary Mullis ya yi tunaninta a Kalifoniya a 1983, ana kiranta PCR. Kowace halitta tana da rubutun asalinta a cikin jikinta, wanda masana ke kira DNA. Wannan dabara ta kan nemi ɗan layi guda na rubutun, ta juya shi biyu, biyun su zama huɗu, huɗu su zama takwas. In an zaga sau 30 an sami fiye da miliyan 1,000, sai na'ura ta gani sarai. Ba sai ƙwayar ta tsiro ba, ko matacciya ce rubutunta yana nan.

Ta biyu awo ce. Masanan Jamus da na Japan suka gano a shekarun 1980 yadda za a harba wa abu haske mai ƙarfi, gutsattsarinsa su tashi, a auna nauyinsu ta wurin saurin tafiyarsu. Koichi Tanaka na Japan ya sami lambar Nobel a kan wannan a 2002. Kowace irin ƙwaya da nata jerin nauyi, kamar zanen yatsa. Injin, wanda a ke kira MALDI-TOF, ya kan ba da suna cikin 'yan mintoci daga ɗan tsiron da ke faranti. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2013. A shekaran nan kuma ta yarda da wata 'yar jaka ta PCR mai suna FilmArray. A ɗiga mata romo daga kwalbar da ta yi ƙara, cikin wajen sa'a guda ta nemi ƙwaya iri 24 da alamun taurin kai guda 3. A 2015 aka fito da irinta ta ruwan ƙashin baya, mai neman iri 14, ita kuwa ba ta jiran shuka ko kaɗan.

Abin da Aka Yi a Yamai

Kada ku ce wannan labarin ƙasashen nesa ne kaɗai. Akwai cutar da ta sa ƙasarmu cikin tarihin nan, watau sanƙarau. Kun san lokacinta, daga hunturu zuwa bazara, kun kuma san ta kan ɗauke yaro lafiyayye cikin kwana guda. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya kwatanta ɗamarar ƙasashen da ta ke bi kudu da Hamada, Nijar na tsakiyarta. A 1996 da 1997 ta kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ta kashe 25,000.

Ƙwayar sanƙarau tana da gidaje, an sa musu haruffa: A, C, W, X, Y. Allurar rigakafin gida ɗaya ba ta tsare mutum daga wani, don haka sanin harafin da ya ɓarke shi ke nuna rigakafin da za a aiko. Ga shi kuwa ƙwayar raggon rai gare ta a waje da jiki. In an ɗebi ruwan ƙashin baya a wani ƙauye na Damagaram, kafin mota ta kai shi inda za a shuka ta mutu. Akwai wani gwaji na gaggawa tun dā, amma kayansa sai da firji.

A cibiyar binciken lafiya ta Yamai, wadda a ke kira CERMES, aka bi hanya biyu. Daga ƙarshen 2002 aka fara karɓar ruwan ƙashin baya daga ko'ina cikin ƙasa ana gwada shi da PCR, tun da ba ta damu ko ƙwayar ta mutu a hanya ba. Sa'an nan Suzanne Chanteau da abokan aikinta, tare da cibiyar Pasteur ta Faris, suka ƙera wani ɗan tsinken takarda. A tsoma shi cikin ruwan, a jira minti 15, layi ya fito ya nuna A ce, ko C, ko W, ko Y. Ba ya bukatar lantarki, malamin asibitin ƙauye ya iya yinsa. An buga labarinsa a 2006.

A shekaran nan kuwa aka koyi wani darasi mai ɗaci. Sanƙarau ta ɓarke a Yamai da yammacin ƙasa, harafin X ne, wanda dā ba a ɗauke shi a bakin kome ba. Tsinken ba a ƙera shi domin X ba, PCR ce ta tona shi, kuma kusan rabin waɗanda aka tabbatar a farkon rabin shekarar nasa ne. Gwajin gaggawa abin da aka aike shi kaɗai ya ke nemowa. Bayan an fara rigakafin A a Disamba 2010, A ta kwanta, sai C ta taso, ta kama fiye da mutum 8,000 a Nijar a 2015, ta kashe fiye da 500. Ta wurin gwaji aka san wannan canji, har aka kai ga allura guda mai tsare gidajen nan biyar, wadda Nijeriya da Nijar suka fara yi a 2024.

Amsa Sai da Mai Ji

A asibitin Mayo na Amurka aka yi wani gwaji da aka buga a 2015, a kan majinyata 617 waɗanda kwalbarsu ta tsiro. Aka raba su kashi uku. Kashi na fari aka bi tsohuwar hanya, sunan ƙwaya ya fito bayan wajen sa'a 22. Sauran biyun aka yi musu na gaggawa, ya fito cikin sa'a guda da 'yan mintoci. A kashi na biyu an aika amsar kawai. A na uku an sa ma'aikaci wanda zai kira likita, dare ko rana, su duba maganin tare. Wajen ƙara magani ga wanda nasa bai isa ba, kashi biyun duka sun yi sauri. Amma wajen janye maganin da ba a bukata, kashi na biyu bai fi na fari ba, sa'a 38 da sa'a 34. Na uku ne ya sauko zuwa 21. Yawan waɗanda suka mutu kuwa bai bambanta ba a kashi ukun. Inji ya yi nasa, saura na mutum.

Janye maganin da ba a bukata babban abu ne, gama yawan sha barkatai shi ke koya wa ƙwayoyi taurin kai. An lissafta a 2019 wannan taurin kai ya kashe mutum miliyan 1.27, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina shan wuya. Ga shi injunan nan suna da tsada, suna son lantarkin da ba ya yankewa. Asibitoci da yawa na ƙasashenmu ko kwalbar shukar jini ba su da ita kullum. Inda injin ya ke ma, farantin Petri bai huta ba, domin shi ke tabbatar da maganin da ƙwaya ke ji.

To, 'yan'uwa, masana sun rage jiran ɗakin gwaji, amma akwai jiran da ba su iya ragewa, watau na gida. Kwana ukun da a kan yi ana cewa bari mu ga gobe ba injin da zai mayar da su. In zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko numfashi da sauri, ko fitsari ya ɗauke, ko jariri ya ƙi nono, ko mai jego ta kama rawar ɗari, ku tashi a ranar. In an riga an sha kafso na kasuwa, ku tafi da kwalinsa ku nuna wa likita, gama maganin da ke cikin jini ya kan hana ƙwaya tsirowa a kwalba, a rasa sunanta. In tsinken zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, an ba da magani yaro bai sami sauƙi ba, ku koma, domin cuta biyu su kan haɗu a jiki ɗaya. In likita ya ce zai ɗebi ruwa a baya, ku yarda masa, jiki ya kan mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. In kuma bayan kwana biyu ya sāke magani, ko ya rage, kada ku ce ya rikice. Amsa ce ta zo daga ɗakin gwaji, ya kuwa ji ta.